Hankaka ko zabo: ina baƙin zai zauna a zauren gidanka?

Shekara uku ke nan da na shimfiɗa tayil baƙi da fari a zaurena, gida-gida irin allon diraf, bayan na ga hoton wani gidan Turai a Facebook ya shiga raina. Mai tayil ɗin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya ɗaga baƙin, ya juya shi a rana, ya ce, "Alhaji, wanga dai ba shi rufa asiri." Na ɗauka ƙyuyar yanka ce ke damunsa. Tun daga hunturun farko tsumma da bokiti suka tare a bayan ƙofata. Shi ya sa da ƙanwata ta tashi gyaran gidanta a unguwar Arkilla da ke nan Sakkwato ta ce, "Yaya, irin naka nake so," na ce ta zauna mu yi lissafi tukuna.

Kafin lissafin sai da muka sha kan Inna, wadda ta ce ba a tarbar mutane da baƙi a bakin ƙofa, kar a jawo wa gida baƙin jini. Na tuna mata cewa duk wanda ya zauna gaban malam a garin nan da babbaƙu ya fara, ya wuce farfaru, kuma bai taɓa ganin abin da ya fi tawada a kan allo kyau ba. Na tuna mata da saƙin da ke ƙasan adakarta, zare baƙi da fari da aka saƙa ƙanana-ƙanana kamar gashin zabo. Ta ce to, amma kar a cika. A nan ta fi mu gaskiya, domin duk maganar a kan wannan take: nawa ne baƙin, kuma a ina zai zauna.

Abu uku ke yanke hukunci a Sakkwato. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na tahowa daga arewa maso gabas da ƙura mai laushi kamar gari, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma launinta fari-fari ne mai toka. A kan baƙi take fitowa, ba a kan fari ba. Mutane da yawa sun ɗauka baƙi na ɓoye datti. Ka dubi baƙar mota da aka ajiye a unguwar Gawon Nama kwana ɗaya cikin Janairu. Na biyu rana, wadda daga Maris zuwa Mayu zafinta ke yawan kai digiri 40 ko ya haura. Baƙin fenti na shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kansa ya mai da shi zafi, fari kuwa ya tunkuɗe mafi yawa. Na uku damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da kowane takalmi ke shigowa da jan taɓo. Shi kuma a kan fari yake fitowa.

Da wannan a zuciya, duba daɓen gida-gida. Babu musu, shi ya fi ɗaukar ido. Ranar da aka gama nawa, maƙwabta sun riƙa leƙowa, yara suna tsalle daga fari zuwa fari. Amma shi kaɗai ne ba ya da hutu duk shekara: da hunturu baƙaƙen gidajen su tona maka asiri, da damina fararen su karɓi aikin. Idan ruwan burtsatsenka na da gishiri-gishiri, gogewar ma da kanta tana barin farin tabo a kan baƙin bayan ya bushe, sai ka sake bi da busasshen tsumma. Kuma zauren Basakkwace ba ɗakin kallo ba ne. Nan ake tura babur da dare, nan almajiri ke jiran sadaka, nan mai gida ke alwala idan an kira sallah yana tare da baƙi. Tayar babur na zana baƙin layi a kan farin tayil, ruwan buta kuma a kan tayil mai sheƙi tarko ne ga tsoho.

Wanda ya dage sai gida-gida, kuma ina fahimtarsa, ga abin da na koya da kuɗina. Ya guji mai sheƙi, ya nemi mai dishi-dishi, wanda in ka shafa za ka ji ɗan kaushi. Ya nemi fosilin maimakon tayil ɗin yumɓu na yau da kullum. Fosilin ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, ya fi ƙarfi, kuma ba ya saurin fashewa idan aka kafa jak ɗin babur a kansa. Baƙin da farin su fito daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: tayil biyu da aka rubuta wa santimita 40 a kwali kan bambanta da milimita ɗaya ko biyu idan masana'antarsu daban, kuma a gida-gida kuskuren taruwa yake, kafin a kai bango layin ya karkace kowa na gani. A shagon ma ka ɗora ɗaya bisa ɗaya ka duba gefunansu.

Girman tayil ɗin kuma ya bi girman wurin. Ɗauki zaure mai mita 3 da mita 4, wato murabba'in mita 12. Tayil mai santimita 60, wanda masu aiki ke kira ƙafa biyu-biyu, guda biyar kacal zai jeru a faɗin, sai adon ya yi gwaɓi, ya danne ɗakin. Mai santimita 40 zai ba ka bakwai da rabi, guda 75 ke nan gaba ɗaya, ka ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa ya zama 83, kusan 42 na kowane launi. In kana son a karkata su kamar lu'ulu'u, wanda ke sa ƙaramin wuri ya yi kamar ya buɗe, ƙarin ya kai kashi 15, mai aiki ma zai ƙara kuɗinsa. A siririn lungun gidan zamani mai faɗin mita 1.2, tsakanin ƙofar shiga da falo, santimita 30 ne kawai ke yin kyau, guda huɗu a jere. A fara shimfiɗa daga tsakiya domin yankakkun su zo daidai a gefe biyu. Kuma kar a cike tsakanin da farin siminti kamar yadda aka saba. Cikin wata biyu zai koma ja. A sa mai ruwan toka.

Yanzu ga zabo. Daɓen tarazo nake nufi, irin wanda ke tsofaffin makarantun gwamnati da asibitoci da ofisoshi, wanda muka taka muna yara ba mu ɗauke shi komi ba. Asalinsa daga Italiya ne: tsakuwar marmara ake kwaɓawa da siminti, a zuba tsakanin siraran sanduna da ke raba daɓen gida-gida don kar ya tsage, a bar shi ya kama, sannan a bi da injin gurza har ya yi santsi. Idan aka haɗa tsakuwa baƙa da fara, abin da ke fitowa gashin zabo ne sak. Ƙurar hunturu ta sauka a kansa ta ɓace cikin ɗige-ɗigen, taɓon damina ma haka. Datti na nan, amma ido ba ya kama shi daga ƙofa, shara sau ɗaya da safe ta wadatar. Ba ya ɓamɓarewa, ba ya yin ƙwanƙwam a ƙarƙashi kamar tayil ɗin da aka yi wa rowar siminti, yana da sanyi a tafin ƙafa cikin Afrilu, kuma in ya dushe bayan shekaru a sake gurza shi ya dawo sabo.

Launin simintin shi ke juya fuskar aikin. Simintin da ake yi a Kalambaina, kamar sauran na gini, ruwan toka ne. Da shi za ka sami zabo mai duhu-duhu, mai sauƙin kuɗi, kuma shi ya fi ɓoye ƙura. Farin siminti ya fi tsada sosai, amma a kansa baƙar tsakuwa ke tashi tar, ya fi kusa da baƙi da farin da ake gani a hoto. Ni a zaure na fi son farin da tsakuwa manya-manya, sannan a zagaye gefen da layi ɗaya baƙi mai faɗin tafin hannu biyu. Wannan layin kaɗai ya isa ya raba shi da na asibiti.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Masu yinsa sun yi ƙaranci tun da tayil ya cika kasuwa, sai ka yi cigiya, kuma ka je ka taka aikin da mutum ya yi da ƙafarka kafin ka ba shi. Aiki ne mai ƙazanta: injin gurza na son wuta ko janareta, yana son ruwa da yawa, yana fitar da farin kwaɓi da ke malala har waje. Ba aikin kwana biyu ba ne kamar tayil, zauren zai rufu na ɗan lokaci, gidan da ƙofarsa ɗaya ce zai sha wuya. Ba a wanke shi da ruwan asid ɗin nan na wankin bayi, yana cin marmara. Baƙin man babur kuma in ya ɗiga ya kwana, shiga yake. Wanda bai sami gwani ba, akwai tayil da aka buga wa zanen tarazo. Bai kai na gaske ƙarko ba, amma wajen ɓoye ƙura aikinsu ɗaya.

Baƙin dutsen giranit a ƙasa kuwa ban ga dalilinsa a garin nan ba. Tsada, nuna ƙura, ga zafi in rana ta taɓa shi. A dokin ƙofa kaɗai yake da amfani, inda tayil ke yawan gutsurewa.

To idan ƙasa ta zama zabo, ina baƙin sosai zai je, wanda zai sa mai shigowa ya tsaya? Bango. Nan hankaka ya shigo: baƙi babban yanki, fari babban yanki, layi ɗaya tsakaninsu. Ƙura a kan shimfiɗaɗɗen wuri take kwanciya, ba ta samun wurin zama sosai a tsaye. Dattin bangon zaure kuwa kusan duk baƙi ne: man kai da bayan masu jingina, hannun yaro, kan babur da ya goga, rubutun gawayi. Duka daga ƙugu zuwa ƙasa suke. Ka shafa baƙi daga daɓe zuwa tsayin mita 1.2, daga nan zuwa silin fari tas, ka ga yadda kowane launi ya tsaya inda abokin gabarsa ba ya zuwa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Maginan da can suna shafe bangon da ke shan wahala da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mai duhu, su bar farar ƙasa ga cikin ɗaki.

A nan zaɓi biyu ne, fenti ko tayil. Fenti ya fi araha nesa ba kusa ba. Zauren nan mai mita 3 da 4, kewayensa mita 14. In ka cire ƙofofi biyu, baƙin yankin bai wuce murabba'in mita 15 ba, shafi biyu 30 ke nan, galan ɗaya mai lita 4 na fenti mai kyau kan kai. Amma wane fenti? Fentin ruwa na gama-gari in baƙi ne yana yin fari-fari, kuma da ka sa jiƙaƙƙen tsumma sai ya bar shaida. Fentin mai yana gogewa tas, sai dai sheƙinsa na fito da kowane tudu da kwari na filasta, musamman da dare in an kunna ƙwai. Tsaka-tsakinsu satin, mai ɗan sheƙi kaɗan, yana wankuwa. Shi na zaɓa wa ƙanwata. Kowanne ka ɗauka, sai an gyara bangon ya yi sumul, kuma sabon filasta ya sami kamar mako huɗu ya bushe kafin a rufe shi da fentin mai, in ba haka ba ya kumbura ya saɓule. Fentin yashi mai gurza-gurza kuwa kar ya shigo ciki ko da kyauta ne. Kowace ƙwayar yashi mazaunin ƙura ce.

Idan bangonka na jan laima daga ƙasa da damina, ka san shi da farin gishirin da ke fitowa da fenti mai ɓarewa, to fenti asara ne, baƙi ma ya fi nuna gishirin. A nan sai tayil, baƙi mai dishi-dishi, bayan an nemo inda ruwan ke shiga an toshe. Tayil na da wata riba: in ka gaji da shi ba ka da abin yi sai haƙuri, wanda ke hana yawan canje-canje. Mai fenti kuma ya sani, komawa fari daga baƙi na cin shafi uku ko huɗu.

Wasu kan yi sha'awar bango guda baƙi ƙirin daga ƙasa har sama. A zauren gargajiya mai ƙaramar taga ko marar taga sam, wannan kogo ne, ranar da babu wuta sai an lalubo ƙofa. A gidan zamani mai faɗi da haske, bangon da ke fuskantar mai shigowa na iya ɗauka, in an rataya babban madubi ko farin rubutu a kai. Ko a nan zan bar silin fari.

Ƙofa ita ce wurin da na fi ganin ana kuskure, domin baƙar ƙofar ƙarfe a farin bango kyakkyawa ce ƙwarai, kuma kowane mai walda zai ce maka a yi. Tambaya ɗaya ce: ina ta fuskanta? Ruwan damina da iskarsa galibi daga gabas suke bugowa, shi ya sa gidaje da yawa suka ba gabas baya. Amma ƙofar da ta dubi yamma tana shan rana tun daga azahar har bayan la'asar. Baƙin ƙarfe a wannan rana cikin Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, yana dumama zauren har bayan isha'i, ƙarfen na buɗewa ya riƙa cijewa a jikin firam, fentin kuma ya kan koɗe ya koma toka cikin 'yan shekaru. In akwai baranda ko rumfa ko inuwar dogon yaro a gabanta, ko ta dubi arewa, shafa mata baƙi hankali kwance. In a fili take tana kallon yamma, a yi mata fari ko toka mai haske daga waje, baƙi daga ciki, a bar baƙin waje ga firam da ƙarafan taga kaɗai. Daga titi za a ga farin gida da aka ja wa kwalli.

Mai haya, ko wanda aljihunsa bai kai ga fasa daɓe ba, shi ma yana da hanya, kuma ba ta ƙasƙanci ba ce. Ya shafe bango fari, ya bar kaya su ɗauki baƙin. Benci baƙi na katako ko ƙarfe, ma'ajin takalma mai murfi, domin buɗaɗɗe ƙura yake tarawa, madubi mai baƙin baki. Ƙyallen saƙi a lulluɓe matashin benci, ko a ɗaure shi a katako a rataya. Ƙwarya mai zanen ƙuna guda uku a bango, fari da baƙi na asali. Garin nan garin fata ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ta ratsa sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Dukawa na yin tumtum baƙi mai aikin fari, kuma idan za a sa launi na uku a irin wannan zaure, guda ɗaya tak, to jan tumtum na fata ya fi furen roba. Abin da ya rage a kula da shi rubutun ayoyi ne: a ɗaga shi sama, a bangon da ba na takalma ba. Wannan hanya ribarta ita ce ranar tashi ka naɗe adonka ka tafi da shi. Rauninta kuma, kaya na son kakkaɓa, kuma da sun yi yawa zaure ya koma shago.

Ƙwan lantarki na iya ɓata duk wannan aiki. Farin ƙwai mai lamba 6500 a kwalinsa, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana sa farin bango ya yi shuɗi-shuɗi, baƙi da fari su yi sanyi kamar ɗakin gwaji. Mai lamba 3000 na sa fari ya koma ruwan madara. Na gwada duka, 4000 ne ya bar kowane launi a yadda yake. Farin fentin ma ba ɗaya ba ne: wanda aka ɗan karya da ruwan madara ya fi jure jan ƙasar nan fiye da fari fat.

Ga yadda zan raba. Zauren da babur ke kwana, almajirai ke zama, ƙofa a buɗe yini guda: zabo a ƙasa, hankaka a bango, ba wata shawara. Gidan zamani mai get da baranda, inda ake cire takalmi a waje kuma ƙofar ciki a rufe take, akwai mai goge-goge kullum: nan gida-gida zai iya rayuwa, da sharaɗin dishi-dishi da tokar cike tsakani. Gidan da akwai tsoho ko mai ciwon ƙafa: duk abin da ke sheƙi a ƙasa a bar shi a shago. Kuma kar a haɗa gida-gida a ƙasa da baƙin bango da saƙi a lokaci ɗaya. Ɗaya ne zai yi magana, sauran su saurara.

Kafin ka biya kuɗin kwali ko ɗaya, sayi guda-guda na waɗanda kake tunani, ka ajiye su a ƙasan zauren kwana uku ba shara, sannan ka zuba musu ruwan buta ka taka ba takalmi. Ƙanwata ta yi haka cikin Disamba da tayil huɗu. A rana ta uku ɗanta ya rubuta sunansa da yatsa a kan baƙin mai sheƙi, ta ɗauki hoto ta turo mini ba tare da ta ce komi ba. Ta ɗauki mai zanen tarazo, ta sa baƙin satin zuwa ƙugu, ƙofarta da ke kallon yamma fara daga waje. Inna ta je ganin gida, ta zauna a bencin, ta aika a ɗauko mata saƙin nan daga ƙasan adaka. Ni kuma ina jiran bayan damina in kira dattijon mai tayil ya zo mu yi maganar ɓamɓare nawa.